Miyar Taushe a Gidan Iya

Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai ganin darajar miya. Tuwo dai duk inda aka je tuwo ne, ko na dawa, ko na gero, ko na shinkafa, amma miya ita ce take raba gidan da aka iya girki da gidan da ake cika ciki kawai. Saboda haka ne idan ya so ya nuna cewa girma yana da tsada sai ya ce tuwon girma miyarsa nama, idan kuwa cika baki ya tashi yi sai ya ce kowa ya ci tuwo da shi miya ya sha. Miyar ƙasar Hausa kuwa iri-iri ce. Akwai ta kuka, akwai ta kuɓewa ɗanya da busasshiya, akwai ta karkashi da ta lalo da ta zogale, waɗanda su ne abokan zaman yau da gobe. Sa'an nan akwai wata wadda ba a yi mata garaje, ba a kuma ɗora ta da ragowar cefanen jiya, watau miyar taushe. Ita ce miyar ranar Salla da ranar suna, da ita ake tarar baƙon nesa, ita ce kuma abokiyar tafiyar tuwon shinkafa da waina da funkaso da sinasir.

Wannan ɗan rubutu zai bi tukunyar taushe guda ɗaya tun daga kasuwa har zuwa akushi, a wani gida da yake cikin birnin Kano, inda wata tsohuwa ta ga lokaci ya yi da za ta miƙa ludayinta ga wani hannu.

Iya da kishiyarta

Tsohuwar nan kowa a unguwa Iya yake ce mata, har yaran da aka haifa bayan ta tsufa ba su san tana da wani suna ba. Shekarunta sun doshi 80. Sa'ad da take da ƙarfinta ba a yin biki ko suna a dangi ba tare da an aiko mata ta zo ta tsaya a kan taushe ba. To, a 'yan shekarun nan yana ta rufe mata idanu, har ya zamana inuwar mutum kawai take gani, sai ya yi magana sa'an nan ta shaida shi. Gwiwoyi kuma sun ƙi, tsugunno gaban murhu ya zama aiki.

Iya tana da jika mace wadda ta riƙe tun tana goye, domin mahaifiyar yarinyar, watau 'yar Iya ta fari, ta rasu ba ta ko yaye ta ba. Bisa al'adar wasan kaka da jika, Iya ba ta kiranta da kome sai kishiya. Yarinyar ta yi karatu har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, aka kuma sa ranar aurenta bayan Babbar Salla. A gidan da al'amura suka tafi daidai, kaka kan koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya. A wannan gida kuwa uwar ba ta nan, saboda haka in Iya ta tafi da abin da ta sani, ya tafi ke nan.

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya, ana saura wata biyu biki, sai Iya ta kira ta.

"Ke kishiya, zo nan. Da wace miya za ki shiga gidan mutane?"

"Haba Iya, ai na iya dafa-duka, na iya taliya, ga miyar dage-dage."

"Dage-dage! Wannan ai ko gwauro ya iya. Ranar da uwar mijinki ta ce a yi waina fa, da me za ki kai mata? Ba a fafe gora ranar tafiya. Jibi za mu kasuwa."

Ranar Asabar da hantsi yarinyar ta fito da littafi da biro, da wani ɗan sikeli da ta aro wurin maƙwabciyarsu mai cincin na sayarwa. Da Iya ta laluba ta ji abin da ke hannunta, sai ta yi dariya har da tari, ta ce, "Tukunyar za ki yi wa jarrabawa?" Yarinyar ta ce, "Iya, ke awonki yana hannunki, ni kuwa nawa sai na rubuta." Iya ta ce, "To, rubuta. Amma yau ke ce idona, ni ce hancinki."

Cefane

Kasuwar 'Yankaba suka nufa, inda ake sauke kayan miya daga ƙauyuka. Ita kabewa amfanin damina ce, takan yaɗu a gefen gona ko a bayan gida, a cire ta da kaka, in kuwa ta ƙosa kuma ba ta da rauni takan yi watanni a ajiye ba ta lalace ba. A wasu sassan ƙasar Hausa kabushi ake ce mata. Don ƙaunar da masu girki suke yi mata ne aka sami karin maganar nan mai cewa kabewar kan kabari baƙin cikin masu taushe, watau ga abu ya yi kyau, ga bukata, amma ba halin taɓawa.

Iya ba ta yarda an miƙo mata yankakkiya ba. Ta sa mai kabewa ya jera mata guda huɗu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da fari ta ɗaga ta ji nauyi, domin wadda nauyinta ya fi girmanta ita ce mai tsoka. Sa'an nan ta danna farce a ɓawo, don in farce ya shige da sauƙi to kabewar ba ta ƙosa ba, ruwa ne a cikinta, tsinka miya za ta yi. Daga nan ta laluba inda aka tsinko ta, ta ji ko ya bushe. Da ta tsai da zaɓi sai ta ce, "Malam, fasa mana wannan." Ya fasa.

"Kishiya, me kika gani?"

"Ruwan ɗorowa ne mai duhu, Iya, ya kusa zama ja."

"Ita ce. Fara-farar ba ta da zaƙi, ba ta da jiki."

Abin da Iya ta sani ta hanyar daɗewa, masana abinci sun tabbatar da shi ta hanyar bincike, domin wannan launi alama ce ta sinadarin karotin, wanda jiki yake juyawa ya zama bitamin A, kuma gwargwadon duhun launin gwargwadon yawansa.

Suka sayi tattasai da attarugu da tumatir, da albasa mai lawashi, da alayyafo da yakuwa. A wurin mahauci Iya ta ƙi tsoka zalla, ta sa aka sara mata ƙashi mai ɓargo da naman ƙirji mai ɗan kitse. Ta ce tsoka ta suya ce, taushe romo take so, romo kuwa a ƙashi yake. Kayan ƙamshi kam ba su saya ba, domin citta da kanumfari da masoro da kimba ba sa yankewa a gwangwanin Iya, daga Kasuwar Kurmi ake kawo mata.

Baƙi da 'yan gida

Duk wanda ya dubi farantin cefanen nan zai ɗauka kayan gado ne tun kaka da kakanni, amma masana tarihin tsirrai sun nuna cewa da yawansu baƙi ne. Kabewa asalinta nahiyar Amurka, an gano alamun nomanta a ƙasar Meziko tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Haka nan gyaɗa da tattasai da attarugu da tumatir, duk daga can suka fito, ba su kuwa ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kwalambas ta 1492, sa'ad da jiragen ruwan Turawa, musamman na Fotugal, suka shiga zirga-zirga tsakanin Amurka da gaɓar Afirka. Watau a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, ba wata mace a birnin da za ta iya ɗora taushe irin ta yau. Albasa sunanta ma ya tona asirinta, don daga Larabci aka aro shi. Haka kanumfari, sunan na Larabawa ne, itacen kuwa asalinsa tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya. 'Yan gida na ainihi su ne irin su ɗorowa da kimba da masoro.

Cikin baƙin nan ba wadda ta yi zaman gari kamar gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikinta ya bunƙasa a hannun attajirai irin su Alhassan Ɗantata, har aka riƙa tara buhunanta ana yin dala. Iya ta ga dalar nan da idonta tana budurwa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suna cikin abubuwan da suka karya wannan ciniki. Dala ta rushe, amma gyaɗa ba ta fita daga tukunya ba. Yadda harshen Hausa yake karɓar baƙuwar kalma ya lanƙwasa ta har ta zauna daram a bakin Bahaushe, haka tukunyarsa ta yi da waɗannan baƙi.

Ɗora tukunya

Da suka komo gida Iya ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno kusa da murhu. Yarinyar ta tuna mata cewa a gidan da za ta da gas za ta yi girki. Iya ta ce, "Wuta wuta ce, kishiya. Wadda ta san lokacin janye itace ta san lokacin rage gas."

Aka fara da nama. Aka wanke shi, aka zuba a tukunya da ruwan da ya sha kansa, aka yanka albasa ɗaya, aka sa gishiri da dakakkiyar citta da masoro, da kanumfari ƙwaya huɗu, da kimba sili ɗaya da aka fasa aka zubar da 'ya'yanta saboda ɗaci. Duk abin da Iya ta ɗebo da yatsu, kafin ya faɗa tukunya sai yarinyar ta tara faranti ta auna ta rubuta. Nama yana kan wuta aka fere kabewa, aka ƙwaƙule cikinta, aka yanka ta manya-manya. Bayan kamar minti 45, ƙashi ya saki romonsa, sai aka jera kabewar a kan naman aka rufe. Dalilin dafa ta cikin romo, maimakon cikin ruwa daban, shi ne kada a zubar da zaƙinta tare da ruwan, kuma ta sha ɗanɗanon nama tun daga ciki.

Minti 20 ya ishe ta. Aka tsame ta cikin ƙwarya, Iya ta karɓi ludayi da kanta ta shiga dannawa, har ta yi laushi ba gudaji, amma ba ta zama kunu ba. Duk mai jin Hausa zai ji kusancin sunan miyar nan da kalmar taushi, a wannan mataki kuwa ake ganin dalili. Iya ta yarda a kai tattasai da tumatir da attarugu injin markaɗe in ana sauri, amma kabewa da gyaɗa ta ce aikin hannu ne. An riga an ɗan gasa gyaɗar sama-sama, aka murje ɓawonta aka sheƙe a faifai, aka daka ta a turmi. Kunnen Iya yana kan taɓarya. Da sautin dakan ya sauya daga ƙara zuwa danƙo sai ta ce, "Tsaya nan. In kika ƙara za ta fara tsatsafo da mai, mu kuwa miya muke yi, ba ƙuli-ƙuli ba."

Aka zuba markaɗen kayan miya cikin romo da manja ludayi ɗaya, aka bari ya dahu har tsamin tumatir ya mutu. Sa'an nan aka mayar da kabewa, aka dama gyaɗa da ruwan ɗumi aka tsiyaya a hankali ana juyawa, domin in aka watsa ta a bushe gudaji za ta yi. Daga nan aka janye itace aka bar garwashi. Wannan shi ne wuri mafi hatsari a duk aikin. Gyaɗa da kabewa masu nauyi ne, ƙasan tukunya suke kwanciya, in wuta ta yi yawa ko aka bar juyawa sai su kama. In kuma aka yi gaggawar saukewa, gyaɗar ba ta dahu ba, sai miya ta yi gafi. Alamar dahuwa ita ce man gyaɗar ya taso ya yi idanu a sama, abin da kan ɗauki kamar minti 20.

Nan ne yarinyar, da yake ɗalibar harshe ce, ta lura da wani abu ta rubuta a gefen shafi: tsakanin kauri da ƙauri ba kome sai ƙugiya ɗaya a kan harafi. A ce miya ta yi kauri yabo ne, a ce ta yi ƙauri kuwa abin kunya ne da za a daɗe ana tunawa. Ta karanta wa Iya. Iya ta ce, "Ni ban san ƙugiya ba. Na dai san tsakaninsu tashi ɗaya ne zuwa ɗaki ɗauko ɗankwali. Juya tukunyarki."

Daddawa da dunƙule

A kan daddawa ne kaɗai suka yi gardama. Yarinyar ta fito da dunƙulen Maggi, ta ce ƙawayenta ba sa son warin daddawa a gida. Iya ta ce wari a hannu yake, a tukunya ƙamshi ne. Gaskiyar magana kuwa ita ce abubuwan nan biyu 'yan uwan juna ne. Ana yin daddawa da kalwa, watau 'ya'yan ɗorowa: a dafa su sa'o'i masu yawa, a surfe, a wanke, a sāke dafawa, a rufe su kwana biyu ko uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narka furotin ɗin kalwa, su fitar da sinadarin gulutamet, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen irin wannan ɗanɗano. Shi ne kuma ake sarrafawa a masana'anta a cusa cikin dunƙule tare da gishiri mai yawa. Bambancin shi ne daddawa abinci ce mai gina jiki, kuma kuɗinta a hannun matan karkara masu yin ta yake faɗawa. Aka daidaita a kan daddawa uku da dunƙule ɗaya, aka kuma rage gishiri saboda wanda yake cikin dunƙulen.

Ganye ne ƙarshe. Yakuwa ta fara shiga, domin ta fi tauri, kuma tsaminta shi yake yanka maiƙon gyaɗa da zaƙin kabewa don kada miya ta gundiri mai ci. In ta yi tsami da yawa akan sulala ta daban a zubar da ruwan, ko a ɗiga ruwan kanwa kaɗan. Alayyafo da lawashi suka bi baya, minti 5 kacal, tukunya a buɗe, don ganyen ya riƙe korensa. Iya ta ce, "Kishiya, yaya launin?" Ta ce, "Ja-ja ne, da kore a warwatse." Iya ta ja iska ta hanci, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Sauke."

Ga abin da sikeli ya bayar na tukunyar mutum goma: kabewa kilo 2 bayan an fere, nama da ƙashi kilo 1, gyaɗa gwangwanin madara 2, tattasai 6, tumatir 5, attarugu 4, albasa 2, alayyafo ɗauri 3, yakuwa ɗauri 1. Da aka karanta wa Iya ta ce, "Na wannan kabewar ke nan. Ta gobe in ta fi ruwa, ki ƙara gyaɗa, in ta fi zaƙi, ki ƙara yakuwa. Littafi ya kai ki bakin tukunya, daga nan harshe ne jagora."

Aka kwashe tuwon shinkafa da mara, aka zuba miya a akushi, aka ɗiga man shanu, aka kai wa maza zaure. Iya ta gutsuri loma ɗaya, ta ƙara ta biyu, ba ta ce uffan ba. Ita dai ba ta saba yabon kishiya ba. Amma da ta cinye sai ta miƙa kwanonta ta ce a ƙaro mata miya, abin da mutanen gidan suka daɗe ba su ji daga bakinta ba. Asabar bakwai suka rage kafin biki, kuma duk Asabar sai an ɗora taushe a gidan. A ta huɗu yarinyar ta mayar wa maƙwabciya sikelinta.

Kammalawa

Idan mai karatu ya duba littafin yarinyar nan zai ga lissafin awo bai cika shafi ɗaya ba, amma kalmomin da ta tsinta daga bakin Iya sun ci shafi uku: fere, surfe, sheƙe, sulala, tsame, dama, tsiyaya, gafi, ƙauri, tsinkewa, kamawa, da wasunsu. Kowace kalma a cikinsu aiki ce da hannu yake yi, ko hukunci da hanci da harshe suke yankewa, kuma ranar da aka daina aikin kalmar ma takan bi shi.

Magabata sun yi nasu ƙoƙari. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, G. P. Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Sai dai ƙamus ma'anar gafi zai bayar, ba zai gaya wa amarya lokacin da ya bar tukunya ba. Wannan ilmi yana wurin tsofaffin mata, a madafa da tsakar gida, inda mai bincike namiji ba ya cika shiga, su kuwa tsofaffin kullum raguwa suke yi. Ɗaliban sashen Hausa, musamman mata, su ne suke da ƙofar shiga wannan fage. Yadda ake zuwa wurin makaɗa da maroƙa da maƙera da na'urar ɗaukar magana, haka ya kamata a zauna gaban masu daddawa da masu waina da masu taushe, a rubuta kalmominsu da karin maganarsu da dalilan da suke bayarwa. Wanda yake da irin Iya a gidansu, to, kada ya jira sai an sa ranar biki.